Ƙosan da Ya Dawo Gida

Kowace shekara nakan ɗaura niyyar sauke Alƙur'ani a watan azumi, amma a bakin murhu watan yake ƙare min. A unguwarmu ta bayan Kusugu ciyayya ba ta fashi: ki aika wa maƙwabta abin buɗa-baki, su aiko miki.

Wata rana na soya ƙosai, bayana kamar zai ɓalle, na aika maƙwabta. Dab da magariba aka shigo da kwano daga can ƙarshen layi. Ina buɗewa sai ga ƙosaina, da manyan yankan albasar nan tawa. Ya zaga unguwa ya dawo a sanyaye.

Na zuba masa ido har aka kira salla. Ranar ko shafi ɗaya ban karanta ba.