Igiyar Bakin Kasuwa

Tahiru bai taɓa mallakar ko keke ba, amma a garinsu, can tsakanin Agiye da Gazawa, shi ke tsayar da motoci. Ciwon baya ne ya raba shi da gona. Lokacin kuwa titi yakan toshe duk ranar kasuwa, kamyo, babbar motar kaya, ya tare amalanke, amalanke ta tare kabu-kabu, har hukumar gari ta ce daga hantsi zuwa azahar kada abin hawa ya shiga. Aka ɗaure igiya a jikin bishiyar bedi, aka ba Tahiru ɗaya bakin ya riƙe. Da ita yake ciyar da gidansa.

Ya iya aikin. Direba ya zage shi, ya ce masa sannu da hanya.

Da kaka ta yi, sai ga Malam Magaji, mahaifin matarsa Delu, da amalanken gyaɗa. Tun da Tahiru ya yi aure bai taɓa gaishe da tsohon a tsaye ba. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa, igiya ta bi hannunsa ta kwanta ƙasa. Jakin da ke jan amalanken ya taka ya wuce. Motar da ke baya ta bi, ta bayanta ma ta bi. Ranar sai la'asar titi ya buɗe.

Rabilu, mai kula da masu gadin kasuwa, bai yi faɗa ba. Ya dai ce in aka kuma, akwai masu son igiyar. A gida Tahiru ya roƙi Delu ta yi wa mahaifinta magana ya riƙa sammako.

"Ni zan ce wa Baba ga lokacin da zai fito?" in ji ta, ta ci gaba da tankaɗe.

Kasuwa ta zagayo, tsohon ya iso da hantsi. Da alama labari ya kai masa, don tun daga nesa ya ja jaki ya tsaya cikin rana, ya juya fuska wajen gonaki kamar bai ga kowa ba. Tahiru ya tsaya da igiya a miƙe, idonsa a ƙasa, har aka kira azahar.

Haka suke yi har yau. A ƙauyen su Delu an fara cewa mijinta ya samu aikin hukuma, ya daina gaisuwa.