Batirin Akwati na Bakwai

A garin Amagasaki, cikin rufaffiyar kasuwar da ke bayan tashar jirgin ƙasa, duk wanda akwatin gem ɗinsa ya ƙi tashi, Umezawa Kiyoshi yake nema. Shekara talatin da shida ke nan haka abin yake. Ba shi da shago, ba shi da kati. Akwatin kayan aiki ne da shi na ƙarfe, wanda fentinsa ya daɗe da zubewa, sai kuma hannu.

Da gyaran talabijin ya fara, yana ɗan shekara sha shida. A 1978 gidajen shan kofi suka shiga fitar da teburansu na katako suna shigo da masu gilashi a sama, irin waɗanda mutum zai aje kofinsa a kai yana harbin dodannin sama a ƙarƙashin hannunsa. Wani mai gidan kofi, Tatsumi, ya kira shi ya duba masa guda da ya mutu. Umezawa ya kwance murfin, ya ga ashe talabijin ce aka kwantar tana kallon rufi, da wani koren fanel a gindinta. Ya kwana biyu yana bin layukan fanel ɗin da ido, ya gano inda cutar take. Daga nan bai ƙara shiga gidan kowa gyaran talabijin ba.

Gidan kofin Tatsumi ya koma gidan gem. Tebura suka tafi, dogayen akwatuna suka zo. Aka yi zamanin jiragen yaƙi, aka yi na masu dambe, lokacin da samari ke jera sulallan yen ɗari a bakin gilashi don kama layi. Sannan gem ya shiga gidajen mutane, layin ya yi ta raguwa. Tatsumi ya rasu, matarsa Fusae ta ci gaba da ɗaga ƙofa ƙarfe goma na safe. Masu zuwa suna ce mata Mama, har waɗanda suka girme ta.

Cikin akwatuna sha huɗu da suka rage mata, na bakwai ne ake tahowa dominsa. Wasan jirgi ne da wani ƙaramin kamfani ya fitar a 1990, shekara guda kafin ya rufe. A wancan zamanin masu kwafi sun addabi kamfanoni: yau ka fitar da fanel, wata mai zuwa ka ga jabunsa a kasuwa. Shi ya sa wasu suka riƙa kulle wasansu, su ɓoye mabuɗin a wata 'yar ƙwaya da ke kan fanel ɗin, ƙwayar kuma ba ta riƙe abin da aka ba ta sai da wutar wani ɗan batir. Wuta ta yanke mata ko da ƙiftawar ido ce, ta manta. Fanel ɗin zai zauna lafiyarsa lau, ba ƙuna ba karaya, amma ba zai sake magana ba har abada. Kamfanin da zai mayar da mabuɗin babu shi. Masu bibiyar irin wannan sun ce fanel uku suka sani da rai a duk ƙasar, kuma na Mama ne kaɗai ake jefa wa sulalla a buga.

Sau uku Umezawa yana canza batirin nan tun zuwan akwatin, babu wanda ya ma san ranar da ya yi.

Wata Litinin cikin Yulin 2014 ya ɗora mitar awon wuta a kan batirin kamar yadda ya saba kowane wata. Ya duba, ya cire, ya goge bakin wayoyin a wandonsa, ya sake ɗorawa. Wutar ta sauka ƙwarai, ta kusa inda ƙwayar ke saki. Fusae na tsaye da tsintsiya, ta tambaye shi ko lafiya. Ya ce batir ne. Ta ce to ya canza mana. Ya ce akwai wani mutum a Tokyo da ya iya irin wannan aikin, ko za ta gwada shi.

Ta dube shi, ta je ta buga waya. Mutumin Tokyo ya ce aiki ya yi masa yawa, sai bayan wata uku, kuma bai ba da shawarar a sa fanel mai wannan rauni a mota ba. Ta dawo ta faɗa masa. Umezawa ya ce batirin ba zai ga ƙarshen wata ba.

"To gobe da safe, Ume-san," in ji ta.

Abin da bai faɗa ba shi ne hannunsa na dama. Tun sanyin bara ya soma rawa. Da fari sai in ya gaji, daga baya ko bai gaji ba. Likita ya ba abin suna, ya ba shi ƙwayoyi, ƙwayoyin suna sa shi barci ba su hana rawar. Ya daina shan miya a gaban mutane. Ya daina karɓar shayin sha'ir ɗin da Fusae ke miƙa masa, yana cewa cikinsa ne. Manyan ayyuka yana yinsu, canza liba, sandar nan da ake juya wasa da ita, canza maɓalli, don sukundireba ba ta tona asiri. Ƙarfen liƙin waya ne ya yi wata biyar bai kunna shi a gaban kowa ba.

Ƙarfe takwas na safiyar Talata ya iso. Ƙofa rabi a ɗage, fanka na juyawa, zafi ya riga ya sauko. Bai tarar da Fusae ita kaɗai ba. Hamasaki na zaune a kan kujerar akwati na shida, yana fifita da hularsa. Direban babbar mota ne, ɗan shekara hamsin da biyu, wanda tun yana saurayi yake buga wasan nan, ya kai mataki na ƙarshe sau ba adadi, bai taɓa gama shi ba. Ya ce ya ɗauki hutun rana guda, ya gaya wa maigidansa kakarsa ce za a yi wa tiyata.

"Kakar taka da muka binne tun shekara ashirin?" in ji Fusae.

"Wannan ce kakata, Mama." Ya shafa gefen akwatin. "Malam, ka bi ta a hankali. In ta mutu ban gama da ita ba, gidanka zan tare, kai za ka riƙa yi mini ƙarar jirgin da baki."

Umezawa ya yi ɗan murmushi. Ya zare fanel ɗin, ya ɗauke shi da hannu biyu kamar tiren ƙwai, ya shimfiɗa a kan teburin kanta. Ya jawo fitila, ya sa tabarau, ya kunna ƙarfen.

Aikin ba shi da yawa. Kafin a taɓa tsohon batir, sai an liƙa wani na wucin gadi da waya biyu, ya riƙe ƙwayar da rai. Waya ta farko wurinta da faɗi, ko makaho zai same shi. Ta biyun ce matsala. Wani ɗan ɗigo ne take zama a kai, kuma a gefensa akwai ƙafar ƙwayar, tsakaninsu bai kai kaurin shinkafa guda ba. Dalma ta malala ta haɗe su, ko bakin ƙarfe ya zame ya taɓa duka biyun, shi ke nan.

Ya liƙa ta farko. Dalmar ta zauna, ta ɗan fi yadda yake so girma, amma ta zauna. Hamasaki ya ce ai ya faɗa, Malam ko a barci zai yi wannan.

Ya manne waya ta biyu a kan ɗigon da ɗan salatif, ya ɗauki ƙarfen, ya kawo shi. Saura kamar faɗin yatsa bakin ya soma zagaye a iska. Ya janye. Ya goge bakin a kan jiƙaƙƙen soso, ya ce fitilar ce ba ta zauna daidai ba. Fusae ta gyara fitilar. Ya sake kawowa, ya riƙe numfashi, ya danna gwiwar hannu a teburi. Wannan karon bakin ya sauka, ya ƙwanƙwasa koren fanel ɗin sau biyu, can gefe, inda babu kome. Ƙarar ba ta fi ta farce a kan gilashi ba, amma duk sun ji.

Hamasaki ya daina fifita.

Umezawa ya mayar da ƙarfen mazauninsa. Ya ɗora hannun a kan teburi, a fili, ƙarƙashin fitila, ya bar shi yana abin da yake yi. Sun daɗe suna kallonsa.

"Fusae-san, hannun nan ba nawa ba ne yanzu," ya ce. "Tun jiya ya kamata in faɗa miki."

"Tun watan Maris na sani."

Ya ɗago kai.

"Mutumin da ya shekara talatin yana shanye mini shayi kyauta, rana ɗaya ya ce ciki. Wa za ka yi wa wannan?"

Hamasaki ya gyara murya, ya ce ko shi ya karɓa, a nuna masa wurin kawai. Fusae ta ce masa hannun da ya karya mata liba huɗu ya zauna inda yake. Bai yi gardama ba. Ta zagayo da kanta ta kama wuyan hannun Umezawa da hannu biyu, suka gwada a iska, nesa da fanel. Abin ya ƙara lalacewa, don yanzu numfashin mutum biyu ne a kan bakin ƙarfe guda. Ta saki.

Ya ce mata akwai zaɓi. A mayar da fanel ɗin yadda yake, wataƙila ya yi sati biyu, wataƙila uku, a sanar da mutane su zo su yi bankwana da shi. In kuwa ya taɓa ya zame, yau ɗin nan zai mutu, kuma shi ne ya kashe shi. Fusae ta tsaya tana kallon gurbin fanel ɗin a cikin akwati na bakwai. Ta ce mijinta ya saya shi ne a shekarar da kowa ke cewa na dambe za a saya, aka yi ta yi masa dariya. Sannan ta ce ita ba ta iya zaman jiran abu ya mutu ba, ta yi sau ɗaya ya ishe ta.

"In zai tafi, ya tafi a hannunka."

Umezawa ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya dubi hannunsa na hagu, wanda har yanzu bai soma rawa ba. Ya ce wa Fusae ta riƙe zaren dalmar, ta kawo bakinsa kan ɗigon in ya ce yanzu, kada ta dubi kome sai ɗigon. Ya ce wa Hamasaki ya kashe fanka.

Ya kifa hannun hagun a kan teburi, dab da fanel, ya miƙe manuniya kamar gada. Ya ɗauki ƙarfen da dama. Duk wanda ya taɓa koyon sana'ar nan, abin da ake fara gaya masa shi ne inda ake riƙewa da inda ba a taɓawa saboda zafi. Umezawa ya kwantar da inda ba a taɓawa a kan yatsarsa, kusa da bakin, ya danna.



Bakin ƙarfen ya tsaya cak. Ya sauka a kan ɗigon.

"Yanzu."

Dalma ta narke, ta kewaye wayar, ta yi ɗan tudu mai sheƙi, ta tsaya inda aka ce ta tsaya. Wani wari ya tashi wanda ba na dalma ba. Ya ɗaga ƙarfen a hankali, sama sosai, kafin ya bari hannun ya koma rawarsa.

Ya naɗe yatsar da hankici bai duba ba. Sauran aikin a fili yake: ƙafafun tsohon batirin suna can gefe su kaɗai, ya cire shi, ya sa sabo, ya ɗora mita ya ga wuta ta cika. Wayar wucin gadin kuwa bai koma kan ɗigon ya narkar da ita ba. Filaya ya sa ya datse ta, ya bar guntu a jiki, ya rufe shi da salatif. Da wani ne ya yi haka a gabansa a da, da ya sha faɗa.

Hamasaki ne ya mayar da fanel ɗin cikin akwati, Umezawa na gaya masa inda kowace waya ke shiga. Fusae ta kunna.

Tsohon gilashi ba ya tashi nan take. Ya yi ƙara siririya, ya zauna baƙi. Babu wanda ya motsa. Wani fari-fari ya bayyana a tsakiya, wasu haruffa suka gudu sama, suka ɓace, ya sake yin baƙi. In mabuɗin ya tafi, a nan yake tsayawa. Fusae ta dafa teburi. A waje wani mai kifi yana jan ƙofar shagonsa.

Sai teku ya fito, shuɗi, da ɗan jirgi yana tashi daga kansa, kiɗan nan ya cika ɗakin.

Hamasaki ya zauna a kujera kamar an tura shi. Ya lalubo sulalla, ta faɗi ƙasa, ya sake lalubo wata. Ya ce yau kam ba zai iya ko matakin farko ba, amma ya jefa.

Fusae ta kawo kwano da ruwa da ƙanƙara ta aje a kan teburi. Umezawa ya kwance hankicin, ta ga yatsar, ta kau da kai. Ta ce asibitin bakin titi ya buɗe ƙarfe tara. Ya ce zai je. Ya tsoma hannun a ruwa, ya zauna yana sauraren harbin da ke tashi daga akwati na bakwai, yana gyaɗa kai kaɗan duk inda sautin ya fita daidai.

Can ya ce, "Na uku da na tara ma irin batirin nan gare su. Suna da kamar shekara guda."

"Sai ka warke."

"A'a. Ki sake kiran mutumin Tokyo, yau. Ki ce ya sa ki a layi, kuma ya zo da kansa. Zan zauna kusa da shi in nuna masa inda ake tsoro."

 Ta jawo wayar, ta soma danna lambar.