Mai Madubi da Autarsa

Mai Madubi mutum ne mai tafiya a hankali, kamar kullum yana ɗauke da abin da zai fashe. Tun yana saurayi yake yanka gilashi a wani ɗan shago mai ƙofa ɗaya, yatsunsa duk tabo. Da hantsi haske kan shigo ya yi ta yawo daga wannan madubi zuwa wancan, har ka rasa inda bangon yake. A nan yake zama ya lula duniyar tunani, shayinsa na hucewa.

Autarsa ce ta buɗe masa shafi a waya. Shi kuwa da zumuɗin sabon shiga, duk madubin da ya gama sai ya ɗauki hoto ya ɗora. Bawan Allah, ya tsufa a sana'ar nan, amma ya manta madubi ba ya rufa wa kowa asiri. Shi adon katakon yake dubawa. Wasu kuwa cikin gilashin suke leƙawa, inda Auta ke zaune a benci tana aikin gida, tambarin makarantarsu a ƙirjinta. Sunanta ma yana nan a ƙasan hoto, inda gwaggonta ta rubuto mata gaisuwa.

Wata rana da la'asar ta shigo tana haki, jakarta a rungume.

"Baba, wani mutum ya tare ni a ƙofar makaranta. Ya kira sunana. Wai kullum yana ganina a shagonka."

Ya ɗauko wayarsa. Ya buɗe shafin yana komawa baya, sai ga 'yarsa a kusurwar kowane madubi: nan tana gyangyaɗi, nan tana cizon biro, can baya kuma da giɓin haƙori. Bai taɓa lura da yadda ta girma ba sai ranar, kuma wani ya riga shi lura. Wannan ya fi komai yi masa ciwo. Ya cire hotunan duka daga shafin, ya sanar da malamanta, ya koma raka ta makaranta da ƙafarsa.

Yanzu saman rufin gida yake hawa da madubansa in zai ɗauki hoto. Yakan karkatar da su su fuskanci sama, babu komai a ciki sai gajimare, wani lokaci tantabara ta gifta. Masu saye har yabawa suke, ba su san dalili ba. Auta ce ke tallafe masa madubin ta baya, a tsugune.

"Baba, ina fitowa?"

"A'a."

"Ko kaɗan?"

Ya duba wayar. Ga 'yan yatsunta a gefen katakon, farcen ɗaya duk tawada. Ya daɗe yana kallonsu, don suna ba shi sha'awa.

"Janye yatsunki, Auta," ya ce.

Ta janye, sannan ya ɗauka.