Zaren da Na Auna Landan da Shi

A shekarun da kuɗin mai suka malalo har ƙauyukanmu, ina koyarwa a firamare a Sheme. Yayana, ɗan wan babana, dillalin auduga ne. Rana ɗaya aka ba shi kwangilar kwalbatoci, sai ya zama Alhaji mai sallama da tabarau. Kwalbatocin ba su ga damina ta biyu ba, amma shi ya ga Landan.

Kwana tara ya yi can. Ya dawo da bargo, da rediyo mai kaset, da mura. Ba a taɓa jin ya faɗi abin da ya gani ba, nisan kawai yake bayarwa. Wai daga Kano suka tashi da hantsi, ba su sauka ba sai da la'asar, kuma duk ƙasar Faskari babu wanda ya taɓa nisa da gida kamarsa. Kawunmu, wanda ya je Makka a ƙasa yana saurayi, ya tambaye shi garuruwan da suka ratsa. Alhaji ya ce barci ya yi.

Wata rana da aka taso daga kasuwar 'Yankara, ya aiko in kawo taswirar makaranta zaurensa, in tabbatar wa jama'a. Na shimfiɗa ta a tabarma, na ɗora zare daga Kano zuwa Jidda, na ƙulla, sannan na ja daga Kano zuwa Landan, na sake ƙullawa. Landan ta fi. Alhaji ya sa aka kawo mini lemon kwalba, ya shaida wa mutane cewa tun ina ƙarami ya san zan yi ilimi.

Sai wani mai sayar da taki daga Sabuwa ya ce gwamnati ta tura ɗansa Amurka koyon aikin injin, a duba masa. Da na yi hankali da na ce Amurka ba ta cikin wannan taswira. Amma lemo ya hau mini kai. Na ja zare, ya wuce ƙullin Landan, ya shiga teku, har sai da aka ƙaro wani.

Alhaji ya duƙo kan taswirar.

"Malam, wagga taswira ta yaushe ce?"

Na ce tun ta zamanin Turawa ce.

"To, shi ya sa," in ji shi.

Ya ƙara da cewa ya ga ina sassauta zaren wajen teku. Mutane suka yarda, don shi ke da tuwon da za a fito da shi.

Wata biyu in na gaishe shi sai ya amsa wa bango. Da ƙaramar salla mahaifiyata ta sa na je na ba shi haƙuri a kan Amurka. Ya yafe mini, ya ce ba laifina ba ne, albashin malami ba ya kai mutum ko Legas, ina zan san nisa.