Bangon da Aka Ɗage wa Dada

Malam Jaji ba ya son a kira shi magini, ba ya kuma son a ce masa kafinta. In an matsa masa sai ya ce, "Ni mai danga ne. Dangar ce dai ta yi boko." Mun yi maƙwabtaka da shi a unguwar Takur ta Dutse shekaru masu dama, kuma ban taɓa jin muryarsa ta tsallako katanga ba.

A wata ruga ta wajen Taura aka haife shi. Shanun gidansu sun ƙare a wata shekarar fari, yana saurayi, sai ya tafi Kano ya koyi walda. Da aka yi jihar Jigawa, Dutse ta wayi gari da ma'aikata fiye da ɗakunanta. Sai a zuba ma'aikata guda a babban ɗaki ɗaya, manya da ƙanana suna kallon juna. Kafintoci suka yi ta raba ɗakuna da katako, gara kuma tana biye da su a baya. Ta nan Jaji ya samu shiga.

Yakan shimfiɗa doguwar sandar ƙarfe a ƙasa, ya tsattsayar da sirara a kanta, ya ɗora wata a sama, ya haɗe su da walda. Sannan ya rufe da allon silin ya ɗaure da noti. Tsayayyun ƙarafan nan dirka yake kiransu, kamar na rumfar kara. Bangonsa ba ya jingina da gini, ba ya kaiwa rufi. Ƙarshensa yake karyawa ya yi kwana, kwanar ce take riƙe shi. In ka tambaye shi abin da ya hana bangon faɗuwa, sai ya ware ƙafafunsa ya tsaya yana dubanka.

Da shekarun shari'a suka zo aiki ya ƙaru masa, don kowane ɗakin taro da wurin jira yana son a ware wajen mata. Abu ɗaya yake tinƙaho da shi: bangonsa ba ya barin kafa. Yakan bi kowace mahaɗa da ido ɗaya a rufe. In ya hango haske, kwancewa yake ya sake.

A cikin waɗannan shekarun ne surukarsa ta kwanta ciwo. Dada ake ce mata, ita ce mahaifiyar matarsa Safiyatu. Tun da aka ɗaura auren, Jaji da Dada ba su taɓa haɗa ido ba. In ya je gaisuwa ƙauyensu, daga bayan zana yake durƙusawa, wata ta kai saƙo ta dawo da amsa. Da aka sallame ta daga asibiti a Jahun, an haɗo ta da maganin da ba a shansa sai da abinci a ciki. Babu mai jinyarta a ƙauye, sai Safiyatu ta taho da ita Takur.

Gidan ɗaki biyu ne a jere, da baranda a gabansu. Bazara ce, ɗaki ba ya zaunuwa, saboda haka a barandar Dada take wuni a kan tabarma, ta nan kuma Jaji yake bi zuwa ɗakinsa. Muddin yana cikin gidan, Dada ba ta kai komai bakinta. Ƙofa na motsi za ta kife faifai a kan ƙwarya ta juya fuska. Jaji ya koma wuni a ƙofar gidana, amma kayan aikinsa suna ciki, dole ya shiga ya fita. Tsohuwa ta fara ramewa a kan ramar ciwo.

Jaji ya yanke shawarar raba barandar da bango. Gidan na haya ne, sai ya je wurin mai shi, Alhaji Ɗanmusa, na raka shi.

"Ƙusa ɗaya ban yarda a buga mini a gini ba," in ji Alhaji.

"Ranka ya daɗe, gininka ko inuwar ƙusa ba zai gani ba."

"Kai da ka raba gwamnati ɗaki-ɗaki, tsohuwa guda ce ta gagare ka?"

Jaji ya sunkuyar da kai yana murmushi. "Gwamnati ba surukata ba ce, Alhaji."

A ƙofar gidana ya yi waldar. Da Dada ta samu barci bayan azahar, muka kama muka shigar. Bangon ya raba barandar a tsawonta, ya bar wa Jaji siririyar hanya daga ƙofa har ɗakinsa. Allon ya sauka har daɓe. Jaji ya bi shi da ido ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, bai ga haske ba. Ranar har shayi ya saya mini.

Sai Dada ta daina ci gaba ɗaya. Da can takan kurɓi fura in ya fita. Yanzu ko ruwa sai da lallashi, maganin kuma yana ajiye a ƙarƙashin matashi.

Na shiga duba ta wata safiya, tun da ni babu surukuta tsakaninmu. Na tarar da Safiyatu durƙushe da ƙwarya a hannu.

"Dada, ki sha ko kaɗan ne. Ba ya nan, tun ɗazu ya fita."

"Ke kika ce."

"Wallahi ya fita. Ga Baba nan, ki tambaye shi."

"Shi ma nasa ne." Ta dubi bangon da gefen ido. "Da ina ganin fitarsa, in san gida ya zama nawa. Yanzu an kafa mini wannan abu. Mutum sai ya wuni a bayansa yana jin haɗiyata. Ga shi tafiyarsa kamar ta kyanwa."

"To zan ce ya riƙa sallama in zai wuce."

"In amsa masa da wane bakin?"

"Ya yi gyaran murya mana."

"Babban mutum ya riƙa yi mini tari a gidansa? Ɗauke ƙwaryar nan, Safiyatu, ba na jin yunwa."

Ta ja mayafi ta juya fuska.

Na fito na samu Jaji yana goge wani ƙarfe. Na ce masa bangon ya yi kyau, sai dai kamar kyan ya yi yawa. Na ce tsohuwa ba ganinsa take gudu ba kaɗai, tana son ta san lokacin da ba ya nan. Ya ajiye ƙarfen.

"Shekara da shekaru ina toshe kafa," ya ce. "Yau kuma da hannuna zan buɗe."

Da ta yi barci ya shiga ya kwance allunan, ya fito da su waje. Ya auna taki guda daga ƙasan kowanne, ya sa zarto. Yana yanka yana ɗaure fuska kamar mai cire ƙaya. Ya mayar ya ɗaure, ƙafafun dirkokin suka fito fili, haske ya kwanta a ƙarƙashin bangon daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

"Baba, kada mutanen ofis su ji wannan," ya ce mini.

Washegari da safe Dada tana kwance a tabarmarta, ta ga ƙafafu biyu cikin takalmin roba sun fito daga ɗaki. Suka bi ƙarƙashin bangon a hankali, dirka bayan dirka, suka tsallake dokin ƙofa. Ƙofa ta rufu. Safiyatu ta ce tsohuwar ta ɗan jira, sannan ta tashi zaune da kanta.

"Miƙo ƙwaryar. Ina maganin nan kuma?"

Daga nan jiki ya fara dawowa. Jaji ya koyi fita kafin lokacin cin abinci, yana jan takalmi ta kusa da bangon don kada a rasa ganinsa. Dada ta zauna har aka yi girbi.

Ana saura kaɗan ta koma gida, wata rana ƙafafun suna wucewa, ta ɗaga murya tana duban 'yarta.

"Safiyatu, mai ƙafafun nan faso ya yi masa yawa. Ke ba kya gani ne? Akwai man shanu a ƙullina, a ba shi."

Ƙafafun suka tsaya cak. Can suka ɗaga, suka fita da sauri fiye da kullum, don tuwo yana kan wuta. Da yamma Jaji ya zo ƙofar gidana ya zauna a kan benci, dugadugansa suna ƙyalli, ya tura su ƙarƙashin bencin. Ni ma ban tambaye shi ba.