Karayar da Na Yi a Gonar Gyaɗa

Na shekara da yawa ina zuwa Kano wankin ƙoda kafin ƙasusuwana su fara damuna. Da fari ƙaiƙayi ne wanda ba ya jin susa, sai ciwon ƙugu da gwiwa ya biyo baya. A gidanmu na Kademi kowa ya ɗauka sanyi ne, har matata ta riƙa dafa ruwa tana gasa mini.

Wata rana da damina na ce bari in leƙa gonar gyaɗata, ko da ba zan riƙe fartanya ba. Ina ɗaga ƙafa zan tsallake kunya, sai na ji ƙas a cinyata. Ba abin da ya buge ni, ƙashin ne kawai ya gaji. Na kwanta cikin gyaɗa ina kira, amma mutane na can nesa suna noma. Sai wajen la'asar ƙanena ya biyo sawu ya same ni.

Shi ya so a kira mai ɗori, matata ta ƙi, aka wuce da ni asibiti. Bayan an yi aiki, likitar da ke dubanmu masu wankin ƙoda ta jawo kujera ta zauna kusa da gadona.

"Malam, akwai wani sinadari da ke taruwa a jininka, injin wankin ba ya iya kwashe shi duka. Shi ke sa jiki ya riƙa zuƙe ƙarfin ƙashi. Ga kuma kumburi a cikin jiki wanda ido ba ya gani."

"To likita, ƙashin zai dawo?"

"Za mu rage wa ciwon gudu. Ka riƙa shan ƙwayar da zan rubuta maka tare da abinci, ka sassauta wa gyaɗa da wake da nono."

Gyaɗa kuwa ita na tashi ina nomawa.

Mutum ɗaya ne ya san abin da nake ji, wani dattijo Bafulatani daga Gafasa, shi ma mai wankin ƙoda. A tashar Gaya muke haɗuwa mu shiga mota ɗaya, a asibiti ma gadonmu na jere. Da na ba shi labari sai ya yi dariya.

"Kai gyaɗa aka hana ka. Ni fa? Da hannuna nake tatsa, in miƙa wa jikoki ƙwaryar."

"Baffa, ba ka ko ɗanɗanawa?"

"Ina shinshinawa dai."

Bayansa ya riƙa ranƙwafawa a kan idona, har rigarsa ta koma jan ƙasa. Bayan girbi na jira shi a tasha har motar ta cika, bai zo ba. Direba ne ya gaya mini an yi jana'izarsa tun shekaranjiya. Ban iya zuwa gaisuwa ba, ƙafata ba za ta ɗauki hanyar babur ba.

Ƙanena ne ke noma gonar yanzu. Ni a kan kujera nake salla, a ƙarshen sahu. Da hantsi in gari ya watse gona, nakan zauna a zaure da sandata ina sauraron awaki. Ranar wanki kuwa matata ta raka ni bakin titi, in hau mota ni kaɗai.