Shirun da Na Sa a Bakin Tsoho

Diski huɗu ne na kwamfuta, baƙaƙe, kowanne bai wuce tafin hannu ba, kuma duk kamarsu ɗaya. A cikinsu ƙungiyar makiyayan da nake wa aiki ta ajiye abin da ta daɗe tana tarawa: hotunan rijiyoyi, taswirar burtali, da muryoyin dattawan da suka san inda hanyar dabbobi ta bi tun gonaki ba su matse ta ba. Ni ne mai kula da na'urori. Gaskiyar magana, ni kaɗai ne a buron, wato ofishinmu, na san inda ake kunna su, shi ya sa nake ji da kaina fiye da kima.

Cikin muryoyin akwai ta wani tsoho daga kwarin Tarka. Ni da kaina na ɗauke ta, a inuwar bukkarsa, shekara guda kafin ya rasu. Ya zauna ya jero burtalin da ke kai wa rijiyarsu, itace bayan itace, tudu bayan tudu, bai yi gargada ko sau ɗaya ba. Ɗansa ba ya nan ranar, yana arewa da shanu. Bayan rasuwar, wani manomi ya share fili a inda makiyayan suka ce hanyarsu ce, shi kuma ya ce gonar ubansa ce da aka bari ta huta. Sarkin yankin ya sa ranar zama kafin ruwa ya sauka, ya ce a kawo muryar tsoho, tunda ɓangarorin biyu sun yarda ba wanda ya kai shi sanin dajin nan. Ɗan tsohon ya zo buro har sau biyu yana tuna mini. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, muryar babansa tana wurin da ko gara ba ta kaiwa.

A watan ne aka tayar da buronmu daga Belbeji zuwa Tanut, aka kawo mana sabon sarber, wato babbar na'urar da diskin ke zama a ciki. Tsohon sarber ɗin ya gaji, fankarsa na ƙara kamar injin niƙa. Aikina shi ne in zare diskin, in kai su Tanut, in zura a sabon. Da na kwafe muryar tsoho a waya kafin in taɓa komai, da ba ni da labarin bayarwa yau. Abin ya zo mini a rai, na ce sai mun isa.

Ina zare su ina jerawa a kan tebur, mai gadinmu yana tsaye a ƙofa yana kallo. Dattijo ne, Buzu, ya yi kiwon raƙuma kafin fari ya raba shi da su.

"Ba za ka yi musu shaida ba?" in ji shi.

Ya ce su a wurinsu, ko 'yan raƙuma biyu aka haifa rana ɗaya masu launi ɗaya, sai an sa wa kowanne alamar da za a gane shi. Na yi dariya na ce, "Baba, waɗannan ba sa ɓata a daji." Ga alli a kan teburin, hannu kawai zan miƙa. Direba yana ta danna oda a waje. Na naɗe su a tsohon rawani na cusa a jaka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san ilimin. An koya mana a Zinder cewa irin wannan na'ura ba ta ajiye abu guda a diski guda. Yayyanka shi take yi ta rarraba wa huɗun bi da bi, don haka kowanne yana da raminsa, na fari ba ya zama a wurin na uku. A Tanut na zura su yadda hannuna ya ɗauko. Sabon sarber ya tsaya ya yi mini wata doguwar tambaya a allo. Na karanta rabinta, na danna eh, na fita shan shayi. Da na dawo na karanta sauran rabin, sai na ga abin da na yarda da shi: ya ɗauke su sababbi ne, yana share su don ya fara aiki. Na fizge wayar kuran, wato ta lantarki, daga bango.

Shugaban ƙungiya na gaya wa cewa canjin na'ura yana ɗaukar lokaci. Ya gyaɗa kai, don bai san abin da zai tambaya ba.

Na aro wasu diski daga wani abokina, na fara kwafe kowanne yadda yake don kada in ƙara ɓarna a kan ɓarna. Diski huɗu ana iya jera su hanya ashirin da huɗu. Na zana su duka a takarda, ina gwadawa ina sokewa. Yanzu kam na yi musu shaida da allin, bayan an gama. Sai a gwaji na goma sha bakwai hoton wata rijiya ya buɗe cikakke, har da gugan da ke bakinta. Na yi hamdala. Abubuwan sun dawo, amma ba suna, sai lambobi, don haka na bi muryoyin ɗaya bayan ɗaya da kunne. Yawancinsu lafiya lau. Na fara jin har na isa a yaba mini.

Ranar da na kai ga muryar tsoho na gane shi tun daga gyaran murya. Yana cikin magana sai ta ɗauke. Inda sarber ya riga ya share, babu abin da ya dawo sai shiru. Mutum in ya yi shiru a daji kana jin iska, kana jin kukan akuya. Wannan babu komai a cikinsa. Wuri uku ne, kuma na farkon ya faɗo a kan hanyar da ake rigima a kai.

Ranar zama muka je da shugaba. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar sarki, makiyaya a gefe, manoma a gefe. Manomin ba mugu ba ne, mutum ne mai bakuna da yawa a gida, ya zauna yana ta murza hularsa. Na ɗora ƙaramar sifika a kan turmi na kunna. Da muryar ta fito wasu suka sunkuyar da kai suna yi wa mamacin addu'a.

"Daga rijiyar," in ji tsoho, "ka bar gawo mai reshe biyu a hannun dama, ka miƙe har..."

Sai shiru. A wurin akwai iska, akwai jakuna, akwai masu tari, ba wanda ya lura shirun ba na mutum ba ne. Can muryar ta dawo yana zancen wani tudu mai nisa da wurin. Da aka kai shiru na uku, wani dattijo ya girgiza kai ya ce Allah sarki, tsufa ba ya barin kowa. Sarki ya juyo gare ni ya tambaya ko ina wurin ranar da aka ɗauki muryar, ko haka tsoho ya yi maganar.

Shugaba yana gefena, mutane sun fi hamsin, duk ido a kaina. Na ce, "Haka ya yi, ranka ya daɗe."

Ba wanda ya matsa mini. Kunya ce kawai na ji, na zaɓi a ce tsoho ya ruɗe da a ce ni ban iya aikina ba. Sarki ya ce ba a yanke hukunci da maganar wanda mantuwa ta kama. Aka bar wa manomi filinsa, aka karkatar da burtalin ta bayan duwatsu, zagayen da ke cin rabin wuni ga dabba mai ƙishi. Ɗan tsohon ya zo ya riƙe hannuna ya yi mini godiyar wahalar da na sha.

Sai bayan kaka na sake ganinsa, a kasuwar dabbobi ta Tanut. Ya rame. Muka gaisa, muka raɓe a inuwar wata mota. Bai yi zancen burtali ba. Ya ce abin da ke hana shi sukuni shi ne ya bar babansa hankali ya fara gushewa, ya tafi arewa bai lura ba, kuma har yau ya kasa gaya wa tsohuwarsa abin da aka ji a ƙofar sarki.

A nan na faɗa masa komai, da allin, da tambayar da na karanta rabi, da ƙaryar. Na sa rai zai zage ni, da ya yi ma da na ji sauƙi.

"Ke nan bai manta ba," in ji shi.

"Bai manta ba. Ko kalma ɗaya."

Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya shafa fuska da gefen rawaninsa, sannan ya matso kusa, muryarsa a hankali.

"To, malam, kai kana wurin. Bayan gawon me ya ce?"

Ina wurin, ƙafata har tana taɓa tabarmarsa. Amma duk tsawon maganar idona yana kan batirin na'ura, ina fargabar kada ya ƙare a ce ban iya aiki ba. Na buɗe baki, ya tsaya yana jira, ba ni da abin da zan ba shi.